Wikipedia ba ta biyan marubuta, to ina kuɗin gidauniyarta ke tafiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lise ce, wato makarantar sakandare, a Marwa. Ɗalibaina sun ji wai wasu matasa a Kano da Kaduna suna samun kuɗi da Wikipedia, sun dame ni mu kafa ƙungiya mu ma a riƙa biyanmu. Wani abokin aikina kuma ya ce ƙarya ne, aikin sa kai ne zalla, ko dala ba a ba kowa. Amma na ji akwai wata gidauniya a Amurka da ke tara miliyoyi da sunan wannan aiki. In ba ta biyan masu rubutu, ina kuɗin ke zuwa? Kuma mu da muke arewacin Kamaru da karatunmu na Faransanci, muna da rabo a ciki, ko na 'yan Najeriya ne kawai?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ƙara wa ɗalibanki himma. Kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, domin shekarata bakwai ke nan ina rubutu da gyara a Wikipedia daga nan Garwa, kuma ba mu taɓa zama da sababbin shiga ba face wani ya ɗaga hannu ya tambayi nawa ake biya. Ba na ganin laifin mai tambayar. Yaron da ya gama karatu babu aikin yi, ya ji ana maganar kuɗin waje, dole ya kasa kunne.

In na fahimce ki, kina son sanin ko ana biyan mai rubutu, da abin da gidauniyar ke yi da dukiyar da take tarawa, da kuma ko ƙofar a buɗe take ga mutanen Marwa. Abokin aikinki ya yi gaskiya, ba a biyan kowa ladan muƙala. Ɗalibanki ma ba mafarki suka yi ba, kuɗi na shiga hannun ƙungiyoyi. Sai dai kuɗin hidima ne, na data da mota da hayar ɗaki, kuma ana binsa da lissafi.

Wace ce gidauniyar

Wikipedia ta girmi gidauniyarta. Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shafin ranar 15 ga Janairun 2001, lokacin kamfanin kasuwancin Wales ne ke ɗauke da nauyinsa. Da abin ya bunƙasa, a watan Yunin 2003 Wales ya kafa Gidauniyar Wikimedia a jihar Florida ya miƙa mata ragamar, daga baya ta koma San Francisco. Ƙungiyar agaji ce da ba ta neman riba. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu, shi ya sa mutane ke cakuɗa su: Wikipedia ita ce kundin, Wikimedia ita ce gidan da kundin yake zaune tare da 'yan'uwansa. Cikinsu akwai Wiktionary na ƙamus, da Commons da aka buɗe a 2004 don hotuna da sauti da bidiyo, da Wikisource na tsofaffin littattafai da takardu, da Wikidata da ta zo a 2012 don ajiye bayanai a tsare yadda kowane harshe zai ɗiba.

Ni nakan kwatanta wa yara da rijiyar unguwa. Gidauniya ta yaɓe bakin rijiya, ta sayi igiya da guga, in igiya ta tsinke ta sauya, in wani ya zo da ƙarfin iko zai rufe rijiyar ta tsaya masa. Jan ruwa kuwa na mutanen unguwa ne. Ma'aikatanta ba su ke rubuta muƙaloli ba, kuma in gardama ta kaure a Wikipedia ta Hausa kan a goge wani shafi ko a bar shi, masu gyaran Hausa ne ke yanke hukunci a tsakaninsu, ba ofishin San Francisco ba.

Kuɗinta daga gudummawar masu karatu yake fitowa, galibi ƙanana-ƙanana daga mutane masu yawan gaske, yawancinsu a Amurka da Turai. Babu talla a shafin, ba a kuma karɓar kuɗi kafin mutum ya karanta. A 'yan shekarun nan abin da take samu a shekara ya haura dala miliyan 150, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kaso mafi tsoka yana tafiya ga injiniyoyi da manhaja da manyan na'urorin da ke ɗauke da shafukan harsuna sama da 300. Tana da rumbunan na'urori a Amurka da Amsterdam da Singafo, a 2022 kuma ta ƙara ɗaya a Marseille ta Faransa, inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka fito daga Afirka ke sauka. In kin buɗe muƙala a wayarki a unguwar Domayo ta fito miki nan take, wannan kuɗin ne kike gani.

Akwai kuma lauyoyi. Lokacin da Turkiyya ta toshe Wikipedia a watan Afrilun 2017, gidauniyar ce ta bi shari'ar har kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce toshewar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka buɗe a Janairun 2020. Ba ɗan sa kai ɗaya da zai iya wannan da aljihunsa.

Dalilin ƙin biyan mai rubutu

Mu Hausawa mun san maroƙi. Wanda ya ba shi kyauta shi yake wasawa, ba kuma za a ji ya ambaci aibinsa ba. Kundin da ake biyan marubucinsa kan kowane shafi zai cika da irin wannan yabo, kuma wanda ya fi kuɗi shi zai fi kyawun tarihi. Shi ya sa tun 2014 ƙa'idojin amfani da shafin suka wajabta wa duk wanda wani ya biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ya biya shi. In wani ɗan siyasa ya ce wa ɗalibinki ga kuɗi ka rubuta mini shafi a ɓoye, ki gaya masa cewa ana rufe asusu kan haka. Bayan wannan, masu gyaran dubun dubata ne a duniya, ba dukiyar da za ta ɗauki albashinsu. Gidauniyar kuma tana kare kanta a gaban doka da cewa ita mai masauki ce, ba marubuciya ba, kuma ranar da ta fara sayen rubutu wannan kariyar ta raunana.

Duk da haka ina da abin faɗa. Waɗanda suka assasa wannan tsari mutane ne da intanet ba ya ci musu aljihu, wuta kuma ba ta ɗauke musu. A wurinsu aikin sa kai lokaci kawai yake ci. A wurinmu yana cin data, yana cin cajin waya, yana cin kuɗin moto zuwa ɗakin karatu. Ɗalibar da ta rage daga kuɗin karinta ta sayi data don ta rubuta tarihin unguwarsu ta ba da abin da ya fi na mutumin Turai yawa. Saboda haka ban taɓa jin kunyar neman a mayar mana da abin da muka kashe ba, kuma ke ma kada ki ji. Haƙƙi ne da tsarin kansa ya amince da shi.

Abin da 'yan Kano ke karɓa

Gidauniyar na ware wani kaso na kuɗinta don tallafa wa al'ummomin masu gyara. Akwai ƙaramin tallafi na gaggawa, daga dala 500 zuwa 5,000, wato kimanin sefa dubu 300 zuwa miliyan 3 gwargwadon canjin ranar, wanda mutum ɗaya ko ƴar ƙungiya za su iya nema don taron horarwa ko fita ɗaukar hoto. Akwai kuma babban tallafi na shekara ga ƙungiyoyin da suka kafu, wanda tun 2021 kwamitocin shiyya na 'yan sa kai ke dubawa. Hausawa suna da ƙungiyar da aka amince da ita, Hausa Wikimedians User Group, Kamaru ma tana da tata, Wikimedians of Cameroon User Group. A irin wannan babban tallafin akan biya mai tsara shiri ko mai kula da lissafi wani abu kan aikin gudanarwa. Daga nan ne labarin "ana samun kuɗi" ya samo asali. Sai kuma kyaututtukan gasa, da ɗaukar nauyin wasu zuwa taruka irin su WikiIndaba da aka yi a Abuja a 2019.

Ba na 'yan Najeriya ba ne kawai, ana kuma karɓar takardar nema da Faransanci. Amma ki sani komai a fili yake. Takardar neman, da kasafin kuɗin, da rahoton ƙarshe, duk ana lika su a Meta, shafin tsare-tsaren Wikimedia, inda kowa zai karanta. Masu dubawa za su buɗe tarihin gyaranki su ga abin da kika yi da hannunki kafin ki zo neman tallafi, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ana ajiye rasit na kowane abu, abin da ya rage a mayar, wanda kuma bai kawo rahoto ba ya toshe wa kansa hanya, wani lokaci har da waɗanda suka sa hannu tare da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zamanmu na farko

Bari in ba ki labarin yadda namu ya kasance, ko kya kauce wa ramin da muka faɗa. Mun taru mu goma sha huɗu a wani aji da aka ara mana ranar Asabar, cikin zafin Afrilu na Garwa. Kwamfuta biyu ce, sauran duk waya, kuma wayata ce ke raba wa kowa intanet. Mutum shida suka buɗe asusu lafiya, na bakwai ya danna, shafi ya ƙi. Ashe akwai ƙa'idar da ta hana buɗe asusu fiye da shida daga layi ɗaya cikin awa 24, don maganin masu ɓarna. Muka ɓata fiye da awa guda muna ɗora laifin kan rashin ƙarfin layi. Tun daga ranar nake sa kowa ya buɗe asusunsa a gida kwana uku kafin taro, ya aiko mini da sunan.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi shafarku, kuma 'yan Najeriya ba za su gaya miki shi ba don ba su da shi. Yaranmu Hausa a bakinsu take garau, amma hannunsu na lekol ne, wato makarantar Faransanci. Wata yarinya mai hazaƙa daga unguwar Hausare ta rubuta mini sakin layi guda kan kasuwar kifi, na duba na ga "tchikin kassoua" da "djama'a" da "koudi". Babu kuskure a maganarta ko ɗaya, rubutun ne na Faransa. Na ɗauki alli na raba allo biyu: ou ya koma u, tch ya koma c, dj ya koma j, ss ya koma s guda. Sannan muka shiga haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Na rubuta kafa da ƙafa, dauri da ɗauri, na ce su karanta da ƙarfi. A nan Fillanci ya taimaka mana, domin wanda ya taɓa ganin rubutunsa ya san ɓ da ɗ. Muka sa wa kowa allon rubutun Hausa a wayarsa. Rabin yini guda wannan ya ci, kuma a ganina shi ne rabin yinin da ya fi kowanne amfani. In kika tsallake shi, masu gyaran can za su bi bayan yaranki suna sauya musu rubutu ko suna gogewa, yaran kuma su yi zuciya su tafi.

Inda gizo ke saƙar

Kuɗi ba shi ne babban cikas ba, madogara ce. Wikipedia ba ta karɓar "na ji" ko "kakana ya faɗa mini". Tana son abin da aka riga aka buga a littafi ko jarida ko binciken jami'a, wanda wani zai iya komawa ya duba. Ga mu kuma mutanen da yawancin saninmu a ƙirjin dattawa yake. Ki ɗauki muskuwari, dawar ranin da ake dasawa a ƙasar karal bayan ɗaukewar ruwa, wadda kowane yaro a karkarar Marwa ya san lokacin dashenta. Manomin da ya shekara arba'in yana wannan aiki ba madogara ba ne a idon Wikipedia, amma baƙon da ya zauna da shi wata uku ya rubuta rahoto madogara ne. Wannan yana yi mini ciwo, kuma ban ga an warware shi ba har yau, duk da an daɗe ana muhawara a kai. Amma na fahimci dalilin ƙa'idar. Ranar da aka buɗe ƙofar "an ce", rigimar sarauta da ta asalin kowace unguwa za ta kwararo cikin kundin, ba kuma mai iya raba ta.

Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne rubuce-rubuce kan yankinmu sun fi yadda muke zato yawa, sai dai da Faransanci suke kuma a warwatse. Marigayi Eldridge Mohammadou ya kwashe shekaru yana bin fadojin lamidai yana tattara tarihin baka yana bugawa. Masu bincike sun yi rubutu mai yawa kan muskuwari da auduga da dam ɗin Lagdo. Jami'ar Ngaundare da ta Marwa, wadda aka kafa a 2008, suna da kundayen ɗalibai jibge a kabad. Ga jaridu irin su L'Œil du Sahel da Cameroon Tribune. A nan karatunku na Faransanci da kike gani kamar nakasu ya zama jari. Bakano ba zai iya karanta waɗannan takardu ya mayar da su Hausa ba, ɗalibinki zai iya. Wikipedia ta Hausa ta cika da garuruwan Najeriya, amma ki nemi Mokolo ko Kaele ko Yagwa ki ga abin da za ki tarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gidauniyar ma tana taimakawa ta wannan ɓangaren. Mai gyaran da asusunsa ya kai wata shida ya kuma yi gyara 500 yana samun shiga ɗakin karatun da ake kira Wikipedia Library kyauta, inda ake karanta mujallun bincike da a waje sai da kuɗi masu yawa. Ni a wurina wannan ya fi kowane tallafi da na taɓa gani daraja.

Abin da bai samu madogara ba kuma yana da wata ƙofar. Commons ba ta tambayar littafi kafin ta karɓi hoto. Hoton majema a bakin aikinsu a Marwa, ko na yashin Mayo Kaliyawo da rani, ko na ɗakunan Musgum a Pus, duk tana so, muddin wanda ya ɗauka shi ya ɗora. Gasar hotuna ta Wiki Loves Africa tana gudana kusan kowace shekara tun 2014. Akwai kuma Lingua Libre, manhajar da ƙungiyar Wikimedia ta Faransa ta samar, wadda mutum ke naɗar furucin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kuma Hausarmu ta nan da lafazinta ta cancanci a ji ta. Sai dai ki ja kunnen yaran kan abu biyu. Duk abin da aka ɗora an sake shi ke nan, kowa a duniya zai iya ɗauka har ya yi kasuwanci da shi, in dai ya ambaci mai shi, kuma ba a janyewa. Don haka a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi hoto, musamman matan aure da yara. Sannan a halin tsaron da yankinku yake ciki, kada kowa ya ɗaga waya kusa da shingen sojoji ko barikinsu.

Da ni ne a matsayinki

Ba zan fara da kafa ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba, ba kuma zan ambaci tallafi ba a wata ukun farko. Zan zaɓi yara biyar ko shida da suka fi son karatu, mu riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa ya ɗauki gari ɗaya ko sana'a ɗaya ya rubuta sakin layi uku masu madogara. Waɗanda kuɗi ya kawo za su zame da kansu kafin mako na huɗu, ba sai kin kori kowa ba. A namu, cikin goma sha huɗu uku ne suka tsaya, kuma ukun nan har yau suna rubutu. In wuta da layi suna ba ku wahala, ki sauke Kiwix, manhajar da ke ajiye Wikipedia a waya ko kwamfuta a karanta ba tare da intanet ba.

Ki kuma hana su zuba fassarar na'ura. Wannan ita ce cutar da gasa mai kyauta ke jawowa, kowa na tseren yawan shafi. Na taɓa cin karo da muƙalar da ta ce wani gari yana kan "bankin" kogin Binuwai, gaɓar kogi ake nufi, na'ura ta ɗauka gidan ajiyar kuɗi ne, wanda ya ɗora kuma ko karantawa bai yi ba. Dare guda na yi ina gyara irinta. A yi amfani da na'ura a matsayin zubin farko in ana so, amma a karanta kowace jimla da ƙarfi, abin da ba za a iya faɗa wa uwa a tsakar gida ta gane ba a sake shi.

Bayan wata uku ko huɗu, da aikin da za ku nuna, sai ki rubuta wa ƙungiyar Kamaru da ta Hausawa ta shafukansu na Meta ki gabatar da kanku. Ta Kamaru za ta fi sanin lamarin banki da takardun ƙasa, ta Hausawa za ta fi sanin masu gyaran da za su duba muku rubutu. Daga nan in kun ga buƙata ku nemi ƙaramin tallafin, ku rubuta ainihin abin da za ku kashe, ku kuma nema da wuri domin amsar takan ɗauki makonni.

Ni ba ma'aikacin gidauniyar ba ne, ɗan sa kai ne kamar yadda ɗalibanki za su zama, kuma sharuɗɗan tallafi da ranakun nema sukan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka ki karanta shafin tallafin da idonki ranar da za ki nema. Ba kuma zan yi miki alkawarin za a ba ku ba, an taɓa mayar mana da tamu takardar aka ce mu rage kasafi mu ƙara bayani. Abin da zan iya yi shi ne in kun buɗe asusun ki aiko mini da sunayensu, in riƙa bin gyaransu daga nan ina bar musu saƙo a shafukansu. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango kuma kun samu aji da allo, Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, zan shigo motar safe mu yi darasin ƙugiya tare.